DAGA DUMBULWA ZUWA MAMUDO: YAYA AKE GANE MALAMIN GASKIYA?

 

Maganar da nake so mu tattauna a wannan karo mai nauyi ce, domin ta ci rayukan mutanen garin nan masu yawa. Ita ce maganar malamai, da yadda mutum zai bambance wanda zai kai shi ga Allah da wanda zai kai shi ga halaka. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne ya haife ni, karatuna na boko kuma a sakandare ya tsaya. Saboda haka ba fatawa zan bayar ba. Tarihi kawai zan bi, na wannan yanki namu, mu ga abin da ya faru da waɗanda suka riga mu, ko Allah Ya sa mu ɗauki darasi.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MU?

Kowa ya san Potiskum gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, mu kuwa neman abinci ne ya kawo iyayenmu da kakanninmu, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, Haɗeja, Zazzau, har da Damagaram. Garin yana bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga hanyar Bauchi, ga ta Gombe, ga kasuwar shanu da ake ji da ita a duk Afirka ta Yamma. Kullum baƙo na sauka, baƙo na tashi.

To a garinku na asali, idan mutum ya shimfiɗa buzu ya ce shi malami ne, tsofaffin unguwa sun san ubansa, sun san zauren da ya yi karatu, sun san littafin da ya sauke da wanda bai sauke ba. Amma a wurin da kowa zuwa ya yi, mutum zai iya sauka daga mota da rawani da jakar littattafai, ya ba da labarin kansa yadda ya ga dama, babu mai ƙaryata shi. Ga kuma samari da suka baro iyayensu a ƙauye, suna dako ko tura baro ko acaɓa, suna neman wanda zai ja su a jiki. Irin wannan wuri shi ne gonar mai son tara mabiya.

DUMBULWA, 1923

Bari mu fara da wani labari da yawancin samarinmu ba su taɓa ji ba, alhali a nan kusa da mu ya faru. Bayan yaƙin duniya na farko, wani malami mai suna Shaihu Sa'idu ɗan Hayatu ya zauna a Dumbulwa, cikin ƙasar Fika. Shi jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mahaifinsa Hayatu ya karɓi kiran Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe, daga baya kuma aka kashe shi a 1898. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa Dumbulwa don zama kusa da Sa'idu, suna noma suna karatu.

Turawan mulkin mallaka kuwa ba su manta da Satiru ba, inda masu kiran Mahadiyya suka kashe musu jami'ai kusa da Sakkwato a 1906, su kuma suka rama ta hanyar shafe garin baki ɗaya. Ba su manta da Burmi ba, inda aka gwabza a 1903. Da suka ga taro yana ƙaruwa a Dumbulwa, sai tsoro ya kama su. A 1923 suka kama Shaihu Sa'idu, suka kai shi Buea a ƙasar Kamaru, ya shafe shekaru masu yawa a tsare, daga baya aka mayar da shi Kano, inda ya ƙare rayuwarsa. Jama'ar Dumbulwa ta watse ba tare da ta yaƙi kowa ba. Shekara guda bayan haka, a 1924, aka dawo da fadar Sarkin Fika nan Potiskum.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka cewa duk malamin da ya tara jama'a, ko wanda hukuma ta tsana, to ɓatacce ne. Ko Shehu Usmanu kansa, sarakunan Gobir kallon mai tayar da fitina suka yi masa. Mutum zai iya saɓa wa aƙidar Mahadiyya, amma ba zai ce ba a san asalin Sa'idu ko gidan da ya fito ba. Ƙiyayyar gwamnati ba ita ce ma'auni ba, yawan mabiya ma ba shi ne ma'auni ba. Sai mu nemi ma'aunin a wani wuri.

'YAN AWAKI, 1980

Muhammadu Marwa mutumin Marwa ne a arewacin Kamaru, ya shigo Kano wajen 1945. Saboda yawan tsine wa mutane a wa'azinsa aka laƙaba masa Maitatsine. A 1962 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa aka kore shi zuwa ƙasarsu, amma bayan 'yan shekaru ya dawo. A shekarun 1970 an sake kama shi an ɗaure, ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Me yake koyarwa? Ya haramta rediyo, agogo, keke da mota, ya ce tara kuɗi fiye da buƙatar yini rashin dogara ga Allah ne. Ya yi watsi da hadisi, yana fassara Alƙur'ani yadda ransa ya so, daga ƙarshe ma ya yi da'awar annabta. Mabiyansa yawanci gardawa ne da samarin ƙauye 'yan cirani, waɗanda suka shigo Kano a lokacin da kuɗin man fetur ke yawo, suna ganin motoci da benaye amma su ko wurin kwana ba su da shi. Shi kuwa ya ba su abinci, ya ba su makwanci, ya kuma gaya musu cewa talaucinsu shi ne shaidar su ne mutanen Allah, sauran jama'ar gari duk ɓatattu ne.

A unguwar 'Yan Awaki ya kafa sansaninsa. Maƙwabta sun daɗe suna kuka, ana ƙwace musu wuri, ana tare hanya, wanda ya yi magana ya sha duka. A watan Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takarda cewa ya tashi daga wurin. Ranar 18 ga Disamba rikici ya ɓarke tsakanin mabiyansa da 'yan sanda a filin Shahuci, abin ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo soja. An kwana fiye da goma ana ɗauki ba daɗi. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu, har da shi Maitatsinen. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu.

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Almajiran da suka tsira sun bazu gabas. A watan Oktoba 1982 aka yi ta Bulunkutu a Maiduguri, da kuma wata a Kaduna. A farkon 1984 aka yi ta Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki, sannan ta Pantami a Gombe cikin Afrilu 1985. Duba taswira ka gani, Kano a yamma da mu, Maiduguri a gabas, Gombe a kudu. Wutar ta kewaye mu ta kowace kusurwa.

Akwai abin da ya kamata mu baƙi mu riƙe a nan. Bayan kowace tarzoma, wanda ake fara kamawa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, wato almajiri, ɗan cirani da baƙo. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin haure daga Nijeriya, kuma cikin dalilan da aka riƙa ambata har da cewa Maitatsine baƙo ne. Mutum ɗaya ya ɓata, dubbai suka biya.

KANAMMA, MARKAS, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Shekara ashirin da 'yan kai bayan 'Yan Awaki, a 2003, wasu samari suka bar Maiduguri suka tare a dajin Kanamma cikin ƙaramar hukumar Yunusari, daf da iyakar Nijar. Suka ce hijira suka yi daga ƙasar da ta lalace. Cikinsu har da 'ya'yan masu hali da waɗanda suka yi jami'a. Mutane suka riƙa ce musu 'yan Taliban. A ƙarshen Disambar shekarar suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Kanamma da Gaidam, aka turo soja aka tarwatsa su. Mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Muhammad Yusuf ɗan jihar nan ne, an haife shi a 1970 a Girgir cikin ƙaramar hukumar Jakusko. Yana da baki, yana da iya jan hankalin matasa. Da farko yana zama a masallacin Indimi na Maiduguri, inda Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yake tafsirin azumi, daga baya ya ware ya kafa nasa wurin, Markas Ibn Taimiyya, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya ce karatun boko haramun ne, aikin gwamnati ma haka. Samari suka riƙa yayyaga takardun shaidar karatunsu, wasu suka bar aiki, wasu suka juya wa iyayensu baya. Shi kuma yana ba da ɗan jari, yana taimaka wa mai neman aure, har mutum ya wayi gari cinsa da shansa da matarsa da abokansa duk a cikin tafiyar suke. In ya fita, ina za shi?

Malamai ba su yi shiru ba. Sheikh Ja'afar ya yi ta gargaɗi a kan wannan aƙida kafin a harbe shi yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano, ranar 13 ga Afrilu 2007. Sheikh Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da Yusuf a Bauchi a 2006, aka ɗauka a faifai, ya bazu ko'ina. Sheikh Muhammad Auwal Albani na Zariya shi ma ya yi raddi mai tsawo, kuma a ranar 1 ga Fabrairu 2014 aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa. Wato dai hujja ta fito fili tun da wuri. Sai dai wanda aka riga aka koya wa cewa duk malamin da ba nasu ba malamin gwamnati ne, ko me aka faɗa ba zai shiga kunnensa ba.

Ranar 26 ga Yuli 2009 faɗa ya tashi a Bauchi, washegari ya iso Maiduguri da Wudil da nan Potiskum, inda aka ƙona ofishin 'yan sanda. Ranar 30 ga wata aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi kotu ba, wannan kisa kuma ya zama makamin da magajinsa Abubakar Shekau ya yi ta jan samari da shi.

Sauran labarin a jikinmu aka rubuta shi. A watan Oktoba 2012 an kwana da yini ana harbe-harbe a garin nan, aka ƙona makarantu. A watan Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka yanke layukan waya. Ranar 6 ga Yuli 2013 aka shiga makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo da dare, aka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Ranar 3 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi cikin masu jerin gwanon Ashura. Mako guda bayan haka, ranar 10 ga wata, wani ya saje da ɗalibai a wurin taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati, ya tayar da bam, yara fiye da 40 suka rasu. A farkon 2015 aka kai hari kasuwar waya da tashar mota, a watan Yuli kuma aka kai wa wani coci. Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, ba wanda aka ware. Kasuwa ta mutu na wani lokaci, iyalai da dama suka kwashe kaya suka koma garuruwan da kakanninsu suka baro. Shekau kansa ya mutu a dajin Sambisa a watan Mayu 2021, a rikici da ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyarsa.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada wani ya ce wannan ciwo na Musulmi ne ko na Bahaushe. A watan Nuwamba 1978 wani mai wa'azi ɗan Amurka, Jim Jones, wanda ya kwashe mabiyansa zuwa dajin ƙasar Guyana, ya sa suka sha guba, mutum fiye da 900 suka mutu a yini ɗaya. A watan Maris 2000 a Kanungu ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya da ta yi wa mabiyanta alkawarin tashin duniya ta hallaka fiye da 700, da yawansu an kulle su a ɗakin ibada aka cinna wuta. A 2023 aka tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan wani fasto mai suna Paul Mackenzie da aka ce ya umarce su da barin ci har mutuwa. Addini daban, harshe daban, amma hanyar ɗaya ce: a raba mutum da danginsa, a kai shi inda ba ya jin muryar kowa sai ta shugaba.

TO MENE NE MA'AUNIN?

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa muna da wani ilimi da muke mantawa da shi da zarar mun bar kasuwa. Ba wanda zai sayi sa a kara daga hannun mutumin da bai sani ba, sai da dillali ko mai masaukin da zai tsaya masa, don gudun kayan sata. Mai sayen gero ba ya yarda da na saman buhu, sai ya zura hannu ƙasa saboda algus. Amma sai ka ga mutumin da ba a iya cutarsa a kan mudu ɗaya ya miƙa imaninsa da 'ya'yansa ga wanda ya gani jiya, don kawai ya iya magana. In muka duba tarihin da ya gabata, tambayoyi huɗu sun isa.

Ta farko, a wurin wa ya yi karatu, kuma su malaman nasa me suke cewa a kansa? Wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu an san malamansa, irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙaninsa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa waɗanda ya yi karatu a wurinsu. 'Yan ɗariƙa suna da silsila, masu karatun zaure suna da ijaza, na jami'a suna da shahada. Maitatsine ba wani malamin Kano da ya tsaya masa. Yusuf kuwa waɗanda ya zauna a gabansu su ne suka fara cewa a guje shi. Idan dillalin da ya kawo saniya da kansa ya ce kada ka saya, me ya rage?

Ta biyu, ana iya yi masa tambaya? Malamin gaskiya yakan ce Allahu a'alamu, yakan tura ka wurin wanda ya fi shi sanin wani fanni. Wanda ya san komai, wanda in ka tambaye shi hujja sai almajiransa su harare ka, wannan ba makaranta yake ginawa ba, runduna yake tarawa.

Ta uku, kuma ita ce babba a ganina: yana ƙara haɗa ka da mutane ne ko yana yanke ka daga gare su? Duk labaran da muka bi a nan suka haɗu. Kafin a ga wuƙa a 'Yan Awaki, an fara ganin yaran da ba sa cin abincin kowa sai nasu. Kafin a ji bindiga a Markas, an fara ganin saurayin da ya daina gaida mahaifinsa, ya daina bin limamin unguwa, ya bar rumfarsa. Saɓani tsakanin Izala da ɗariƙa da sauransu tsoho ne, an yi zafi an yi sanyi, amma za ka tarar da su a layi ɗaya a kasuwa, suna bin juna bashi, suna zuwa jana'izar juna. Ranar da aka ce maka uwarka kafira ce, maƙwabcinka kuma jininsa ya halatta, to an wuce saɓani, an shiga wani abu daban.

Ta huɗu, ina kuɗin ke fitowa, ina kuma suke tafiya, sannan wanda ya ce ya fasa, ana barinsa ya tafi lafiya? Wurin da shiga ke da sauƙi amma fita sai da tsoro, ba wurin Allah ba ne. Wannan tambaya ta shafi har masu ba da sa'a da masu cewa suna aiki da aljanu, waɗanda ke karɓe jarin mutum da sarƙar matarsa da sunan za a ninka masa, da kuma sababbin malaman Facebook da TikTok da ba wanda ya san inda suka yi karatu.

Mai karatu zai lura ban sa karama ko yawan kuka a wa'azi ko tsufan riga a cikin ma'aunin ba. Maitatsine ya fi kowa nuna gudun duniya, mabiyansa kuma sun yi imani harsashi ba ya kama su. Mun ga inda abin ya ƙare.

NAUYIN DA KE KANMU

Gyara ba na hukuma kaɗai ba ne, don ita hukuma sau da yawa sai wuta ta kama take zuwa, in ta zo kuma ba ta bambance ɗanye da busasshe. Masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da limamanmu su riƙa tambayar baƙon malami daga ina yake, wa ya san shi, kamar yadda ake tambayar baƙon da ya kawo dabba. Wannan ba wulaƙanci ba ne, mai gaskiya ma daɗi zai ji. Amma a yi da adalci, kada a maimaita irin ta Dumbulwa, a kama mutum don tsoro kawai.

Iyaye kuma, wanda ya kawo yaro daga ƙauye ya sa shi a shago, ya sani amana ya ɗauka, ba ɗan aiki kawai ba. Ya san inda yake zuwa karatu da dare. In yaro ya fara canzawa, kada a kore shi, domin korar ita ce abin da masu jansa suke jira. A zaunar da shi, a kai shi wurin malamin da zai saurare shi ya amsa masa da hujja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu samari kuma mu rage raina malaman zauren da suka shekara talatin suna koyar da Ahalari da Iziyya da Risala ba su taɓa sa an zubar da jinin kowa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a Mamudo da Potiskum da sauran wurare, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Wanda ya ga gyara ko yake da ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga zamanin Bulunkutu da idonsu, ƙofa a buɗe take.